Kamshaf Mai Ƙusumbi da Tarwaɗar Yaya

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wani mutum a wata unguwa da ke gindin tudu, ana ce masa Ai-na-sani. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya raɗa masa shi. Duk maganar da aka ɗauko, kafin a kai ta gaɓa zai tari numfashin mai ita ya ce, "Ai na sani." In an ce hadari ya haɗo, ya sani. In an ce rigarsa a baibai take, ya sani, don iska ta fi shiga ya sa ta haka. 'Ya'yansa huɗu, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a wurin yayarsa har yau Auta ne, kuma ko a gaban wa haka take kiransa.

Ita yayar kiwon kifi take yi. Tana da tafkunan siminti shida a bayan gida cike da tarwaɗa, da wata tsohuwar a-kori-kura fara wadda fenti ya gaji da zama a jikinta. Aikin Ai-na-sani shi ne tuƙa motar. A ɗora mata rabin duro huɗu, ruwa da kifi mai rai, ya lallaɓa ya haura tudu, ya gangara kasuwa. Masu saye ba sa ko kallon kifin da ya mutu a hanya, saboda haka aikin na lallashi ne. Daga ƙofar gida zuwa saman tudun akwai kunyoyin kwalta goma sha ɗaya, irin waɗanda ake yi don rage gudun mota, ga kuma danja a tsakiyar hawan, daidai ƙofar shagon aski inda mazan unguwa ke zama.

Makullin motar nan shi ne duk martabar Ai-na-sani. A ɗan yatsa yake rataye shi, yana kaɗawa in yana magana. Ko wanka zai shiga, sai ya ɗora shi inda idonsa zai riƙa ganinsa.

Wata rana yana tsaye a danja, sai wani matashi ya tsaya a gefensa da wata jar mota mai ƙasa-ƙasa. Injinta na wani irin gurnani daga can ciki, gudum, gudum-gudum, kamar tsayuwar ma haushi take ba ta. Duk 'yan shagon aski suka miƙa wuya. Wuta na ba da hannu jar motar ta ɓace, a-kori-kura kuwa ta yi tari biyu, ta saki hayaƙi, ta ja jiki.

Da yamma da ya zo zama, mai aski bai ko ɗago daga kan da yake aske wa ba ya ce, "Yau mun ga zaki da akuya sun tsaya a danja ɗaya."

"Akuyar ma mai mura," in ji tela, wanda shagonsa ke jingine da na askin.

Ai-na-sani ya kaɗa makulli. "Ku ba ku san mota ba. Wancan gurnanin ba wani abu ba ne, kamshaf ne kawai. Ni da na ga dama, da tawa ta fi ta."

"To ka ga damar mana," in ji mai aski. "Mu kunnenmu kyauta ne."

Ba a yi sati ba dama ta zo da ƙafarta. Motar ta fara shan baƙin mai kamar shayi, hayaƙinta ya hana maƙwabta shanya. Yaya tana shirin tafiya wani gari wajen 'yarta da ta haihu, sai ta kira shi bakin tafki.

"Auta, ka kai wa Baba Makanike motar nan ya buɗe injin. A mayar min da shi yadda yake, kada a ƙara, kada a rage. Juma'ar sama zan dawo. Asabar da safe zan kwashe tafki biyu, masu saye na jira. Kifin nan ya isa kasuwa da ransa."

"Ai na sani, Yaya."

"Ka sani ka gyara min injin jan ruwa, muka kwana uku muna jan guga. Buɗe kunnenka da kyau. In kifin nan ya lalace ta dalilinka, makullin nan ya bar yatsanka, kuma ba zai dawo ba."

Ai-na-sani ya damƙe makullin ya cusa a aljihu.

Baba Makanike tsoho ne mai ƙarancin magana, ya shekara arba'in a ƙarƙashin motocin mutane. Ya sauke injin, ya jera kayan cikinsa a kan kwali, ya canza ringi, ya wasa bawul. Sai ya ɗago wani dogon ƙarfe mai ƙusumbi jere a jikinsa, ya shafa shi da babban yatsa.

"Ka ga wannan? Shi ne kamshaf ɗin da kake ta kira. Ƙusumbin nan su ke buɗe wa inji ƙofofin numfashi su rufe. Naka ya cinye. Ka kai shi shagon kayan gyara ka ce a ba ka irinsa sak. Ka ji ko? Irinsa."

"Ai na sani, Baba. Akwatin giya fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ba a yi wa mai lafiya allura."

Ai-na-sani ya naɗe tsohon kamshaf a buhu ya tafi. Mai shagon kayan gyara mutum ne mai gaskiya, yana kuma da ɗabi'a guda: ba ya miƙa wa kowa kayan cikin inji sai ya yi masa tambayoyi uku. Da a ce Ai-na-sani ya tarar da shagon ba kowa, wataƙila da ya kwance buhunsa an wuce wurin. Amma sai ya tarar da samari uku jingine da kanta suna hirar motocin tsere. Ya tura buhun ƙarƙashin benci da ƙafa, ya zaro makulli ya kaɗa.

"Kamshaf nake so. Na maza."

"To, yallaɓai. Motar tana ɗaukar kaya?"

"Kaya? Na yi maka kama da ɗan dako? Ni kaɗai nake shiga, wani lokaci da hulata."

Samarin suka juyo.

"Wace irin hanya kake bi? Cikin gari, a tsaya a tashi?"

"Doguwar hanya, shimfiɗaɗɗiya. In ka ga na taka birki, to na isa ne."

"Gudu fa?"

"Allurar motata ba ta san akwai lamba ƙasa da ɗari da ashirin ba."

Ɗaya daga samarin ya ce, "Ashe, Baba, ku ne manyan." Maganar nan ta shiga Ai-na-sani har ɓargo.

Mai shago ya shiga ciki ya fito da wani kamshaf mai ƙusumbi kamar tozon raƙumi. "In haka ne, ga naka. Amma bari in gaya maka halinsa. Yana daɗewa bai rufe ƙofofin inji ba, saboda haka in ana zabga gudu babu kamarsa. A silo kuwa, wato in inji na juyi a hankali, ba ya zama, sai haki. Ba ya jan mota sai inji ya yi ihu. Birki ma zai..."

"Ai na sani."

"To, madalla. Akwatin giyarka wane iri ne?"

"Wani tsoho ne mai giya huɗu. Ta ɗayansa ko hawainiya sai ta wuce ka."

"Na dako ke nan, don jan kaya a tudu aka yi shi. Tunda ba ka ɗaukar kaya, akwai mai biyar da aka ciro daga motar tsere. Ta ɗayansa doguwa ce, kusan kamar ta ukun naka."

"Naɗe min shi. Ba ku da mai shida?"

Haka mai shago ya ba shi kayan da suka dace daidai wa daida da wata motar da babu ita a duniya.

Baba Makanike ya juya sabon kamshaf a hannu, ya dubi akwatin giya, sannan ya dubi Ai-na-sani.

"Wannan ba irinsa ba ne."

"Ya fi shi, Baba."

"Takalmin da ya fi ƙafa shi ke ka da mai shi. Motar nan kifi take ɗauka, a tudu, a giya ta ɗaya. Ka kawo wa jaki huhun barewa. Kuma birkinta da zuƙar inji yake samun ƙarfi, wannan kamshaf kuwa ba ya zuƙa a silo. Ranar da ka taka, za ka ji kamar dutse ka taka."

"Baba, zamani ya canza. Yanzu da ilimi ake aiki."

"To ilimin ya ɗaura maka. Hannuna ba zai sa wannan ba."

"Kada dai ka kira Yaya a waya, tana fama da mai jego."

"Ni ba na kai ƙara," in ji tsohon, yana goge hannu da tsumma. "Motar za ta kai ƙararka da bakinta."

Aka turo mota da kayan injinta zuwa gindin bishiyar da ke ƙofar gidan Ai-na-sani, unguwa ta sami abin kallo na kwana biyar. Baho biyu na matarsa suka koma wurin wanke ƙarafa, rariyarta ta koma tace noti. Da aka zo ɗaura akwatin giya, sai ya fi tsohon tsawo da taƙi guda. Farfela, wato dogon bututun ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, ta ƙi shiga. Ya kira mai walda ya ce a yanke ta a haɗa.

"Wannan ai sai an auna ta a kan inji," in ji mai walda. "In ta karkace ko da kaurin farce ne..."

"Idona ya fi injin awo. Yanke nan."

Aka yanke, aka haɗa. Sai sandar giya ta ƙi fitowa ta ramin da aka yi mata, ta ɓullo ta tsakiyar kujera. Ya ari wuƙar girki ya farke kujerar, soso ya watse har bakin titi, awakin maƙwabta suka zo suna ɗanɗanawa.

Matarsa ta fito da kwano a hannu, noti bakwai na ƙara a ciki. "Baban yara, waɗannan fa? A ƙasan baho na same su."

"Ragowa ne. Kamfani ke cusa su don a ce an yi aiki."

"To, Allah ya sa. Ni dai na san ko riga ce, in maɓalli ya rage a hannu, wani wuri a buɗe yake."

Ranar Alhamis da la'asar ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sai ya kama. Gudum, gudum-gudum, gudum. Kaji suka watse. Motar ta shiga rawa a tsaye kamar mai zazzaɓi, madubin gefe ya karkace ya faɗi. Mai aski ya baro kan mutum rabi a aske, tela ya zo da awo rataye a wuya, mata suka cika ƙofofin gidaje. Ai-na-sani ya jingina da ƙofar mota, haƙoransa na haɗuwa saboda girgizar, ya ce, "Ina mai maganar akuya?"

"Murya kam ta zaki ce, na yarda," in ji mai aski. "Saura tafiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

Ai-na-sani ya shiga, ya gyara hula, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci. Mota ta yi gaba taku ɗaya ta mutu.

"Gaishe ku take yi," in ji shi.

Ya sake tayarwa, ta sake mutuwa.

"Mun amsa tun ɗazu," in ji tela. "Ta tafi abinta."

A karo na uku ya danne totur har ƙasa, inji ya yi ihun da ya sa jarirai kuka, ya saki kuloci, mota ta yi tsallen kwaɗo ta faɗa titi. Ya bi da ita hanyar bayan unguwa inda babu tudu, tela ya hau kekensa ya rufa masa baya. Abin da Ai-na-sani bai sani ba shi ne, sabon akwatin giya ya sa agogon gudu ya koyi halin mai shi. Mota na tafiya a hankali, allura na can sama. Ya leƙo ta taga ya ce wa tela, "Ka gani? Ɗari da goma."

Tela ya taka feda sau uku ya wuce shi. "To ni ina ɗari da ashirin ke nan. Sai ka iso."

A dawowa ne Ai-na-sani ya gamu da maganar Baba Makanike. Ya ɗauke ƙafa daga totur zai taka birki, inji ya mutu, birki ya zama dutse. Ba don tarin yashin da wani maƙwabci ya sauke don gini ba, da motar ta shiga ɗakin girkin matarsa ta katanga. Ya fito yana kakkaɓe yashi ya ce dama nan ya yi niyyar ajiye ta.

Ranar Juma'a ya wuni yana lissafi. Kuloci na son ƙafa, birki na son ƙafa, totur ma in an sake shi inji ya mutu. Ƙafa uku ke nan, shi kuwa biyu Allah ya ba shi. Hannu ɗaya na sitiyari, ɗaya na giya. Can sai ya tafa hannu, ya tsinke igiyar shanyar matarsa, ya ɗaura ta a wuyan kafireto inda ake ba inji mai, ya zaro ta ta ƙarƙashin bonet, ya shigo da ita ta taga, ya kama bakinta da haƙori. In ya ja kai baya inji ya ƙara wuta, in ya sunkuya ya rage.

Matarsa ta daɗe tana kallonsa. "Wato in kana tuƙi ba ka magana ke nan?"

Ya gyaɗa kai, inji ya yi ihu.

"To ai wannan gyaran ya yi," in ji ta, ta koma ciki.

Yaya ta dawo da yamma a gajiye, ta hango mota a wanke tas a gindin bishiya, ta ce sannu da aiki, ta wuce. Asabar da sassafe aka turo motar bakin tafki, wai don kada ƙara ta firgita kifi, aka loda rabin duro huɗu, tarwaɗa manya-manya sai juyi suke. Yaya ta yafa mayafi ta ce yau da ita za a je. Tana buɗe ƙofa ta tsaya.

"Auta, wannan sandar me ta zo yi tsakiyar kujera?"

"Haka ake yi yanzu, Yaya, don ta fi kusa da hannu."

"Igiyar shanya fa?"

Ai-na-sani ya yi maza ya cusa ta a baki ya murɗa makulli. Da gurnanin ya tashi, Yaya ta dafe ƙirji ta dube shi, amma kifi na duro, rana na ɗagawa, babu lokacin shari'a. Mota ta yi ihu, ta yi tsalle, suka hau titi.

A kunya ta farko kansa ya yi baya, igiya ta ja, inji ya zabura, ruwa ya taso ya wanke gilashin baya. A ta biyu haka. A ta uku wata tarwaɗa ta yi sama ta sauka a rufin mota, ta gangaro ta gilashin gaba tana kallon Yaya ido cikin ido, gashin bakinta na motsi.

"Auta, me ka yi wa motata?"

"Mmm."

"Da kai nake."

"Mm-mm."

Kafin su kai kunya ta shida, mata biyu sun biyo su a baya da roba suna tsintar abin da ya faɗo. Da hawa ya fara, doguwar giya ta ƙi jan kaya. Sai ya riƙe kuloci rabi-rabi, kansa a can baya kamar mai kallon jirgi, inji na kururuwa, mota na rarrafe. Wani mai turin kura da jarkokin ruwa ya wuce su, ya yi musu barka da asuba.

Suna isa danja ta nuna ja.

Ai-na-sani ya danne kuloci da hagu, ya tattara duk ƙarfinsa ya danne birki da dama, igiya a haƙori, gumi na zuba. 'Yan shagon aski sun jeru a bakin ƙofa, har da wanda ake cikin yi wa aski, da ƙyalle a wuya.

"Ƙauri nake ji," in ji Yaya.

"Mmm."

"Motar nan zamewa take yi baya."

"Mmm."

Duk wannan ya jure. Amma girgizar inji ta riga ta zare sakatar murfin baya, mai aski kuwa ya hango. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Injiniya, murfin bayanka a buɗe yake."

A gaban jama'a, daga bakin mai aski. Ai-na-sani ya juyo ya ce, "Ai na sani."

Igiya ta faɗi a cinyarsa, inji ya yi shiru, mota ta fara komawa inda ta fito. Mai motar burodin da ke bayansu ya danna hon bai saki ba. Ai-na-sani ya ruɗe, ya murɗa makulli, ya danne totur har ƙasa, ya saki kuloci gaba ɗaya. Mota ta yi tsalle gaba, duro huɗu suka ce su ba da su za a yi wannan tafiya ba. Suka sulale ta baya ɗaya bayan ɗaya suka kife a kwalta. Sai aka ji ƙarau, waldar farfela ta ɓalle. Inji na ihu, allura ta haura ɗari da sittin, mota kuwa tana gangarawa baya a hankali kamar tsohuwa mai neman wurin zama, har ta jingina ɗuwawunta da dakalin shagon aski ta tsaya.

Ruwa ya malale tudu, tarwaɗa ɗaruruwa suka bi shi. Wasu suka shige shagon tela suka kwanta cikin yadin mutane. Wasu suka yi ƙarƙashin kujerar aski, mai rabin aski ya haye benci yana tattare ƙyalle. Ɗan sandan da ke kula da danja ya kai wa wata cafka, ta zame masa, ya zauna a ruwa da kakinsa. Mai motar burodi ya fito zai yi faɗa, wata ta shige masa ƙafar wando, ya manta da faɗan. Motoci suka tsaya sahu-sahu, kowa ya fito, masu kamu na kamu, masu dariya na dariya, tela na tsaye a kan teburinsa yana cewa a yi hankali da shaddar mutane.

Yaya ta fito daga mota a natse, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. "Duk mai bokiti ya kawo da ruwa a ciki. Kai mai kura, juye jarkokinka a duron nan. Ku kama ta bayan kai, tana da ƙaya." Unguwa ta bi umarni. Cikin rabin sa'a an ta da duro uku, an tsayar da masu babur mai ƙafa uku, an loda. Fiye da rabin kifin ya tsira da rai. Sauran kuwa, wasu sun bi lambatu, wasu kuma sun bi hanyar tukwanen da har yau ba a san na su wa ba ne.

Sai da ta gama ta dawo wajen mota. Ai-na-sani na zaune a ciki, igiya a cinya, hannu biyu a sitiyari.

"Yaya, matsalar ƙarama ce. Mai waldar nan ne bai iya aiki ba. Inji kam kin ji da kunnenki, in aka sami akwatin giya mai shida..."

"Auta."

Ta miƙa tafin hannu ta taga. Ya dubi hannun, ya dubi 'yan shagon aski, waɗanda duk suka sami abin kallo a ƙasa. Ya zare makullin a hankali, ya ɗan kaɗa shi sau ɗaya, ya ajiye mata.

Baba Makanike ya janye motar zuwa gareji, ya sa mata kamshaf irin nata, ya mayar da tsohon akwatin giya, ya samo wata farfela. Ranar da aka dawo da ita, Yaya ta shiga gidan ƙanenta ta tarar da matarsa na ɗaura sabuwar igiyar shanya.

"Ke, kin taɓa tuƙi?"

"Ban taɓa ba, Yaya. Ban san komai a mota ba."

"Madalla. Irinki nake nema." Ta ɗora mata makulli a hannu.

Wata guda Baba Makanike ya yi yana koya mata a hanyar bayan unguwa. Daga nan ta fara haura tudu da kifi a giya ta ɗaya, ko ɗigon ruwa ba ya zuba. Da yake Yaya ba ta iya ganin ƙanenta a zaune ba aiki, sai ta ba shi tsaron duro a bayan mota, ya zauna a kan tsohuwar taya yana dafe da su.

Safiyar farko da danja ta tsayar da su, mai aski ya leƙo. "A'a, Ai-na-sani, an koma baya ke nan?"

Ya gyara zama a kan taya, ya share ruwan da wata tarwaɗa ta watsa masa a fuska. "Ku ba ku san harkar kifi ba. Tuƙi ai kowa ma ya iya. Nan baya ne ake neman mai ilimi."

Matarsa ta ƙwanƙwasa gilashi daga ciki. "Baban yara, a rage ilimi a riƙe duro, wuta ta ba mu hannu."

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Ba don santsinta ba, da na riƙo muku ɗaya.